Neman shawara: matcha mai sanyi da 'ya'yan itace, nawa ɗaci yake yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu hannu a kicin ku taimaka min. An kawo min tsarabar garin matcha, koren shayin nan na Japan, ina son in riƙa haɗa shi da ƙanƙara, mai zaƙi, ja a ƙasa, fari a tsakiya, kore a sama. To nawa gudaji yake yi, ga ɗaci har maƙogwaro. Ranar da na sa abarba kuwa madarar tsinkewa ta yi, koren ma ya dushe ya koma ruwan ƙasa. Tafasasshen ruwa nake zuba masa. Ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tafasasshen ruwan nan shi ya jawo miki ɗacin. Matcha ba ya son ruwan da ya wuce digiri 80. In ya tafasa ki sauke, ki bar shi ya sha iska kamar minti 5. Maganin gudaji kuma tankaɗe: ki sa cokalin shayi 1, wato kusan giram 2, a ƙaramar rariya, ki murza da bayan cokali ya sauka a kwano. Ki ɗiga ruwa kaɗan ki dama ya yi kauri tukuna, sannan ki ƙara ruwa cokalin cin abinci 4 ki kaɗa. Kar ki riƙa zagaye kwanon, gaba da baya za ki yi da sauri, daga wuyan hannu, har ƙananan kumfa su rufe saman. Mutanen Japan da maburgin gora suke yi, sunansa chasen. In babu, ki zuba a kwalba mai murfi ki jijjiga, ni haka nake yi kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Amsa ta 2: Ina nan ina bibiya, nima nawa kwanciya yake yi a ƙasan kofi.

Amsa ta 3: Malama mai cewa yana kwanciya, ai dole. Matcha ba narkewa yake ba, ganye ne aka niƙe lilis, kina shan ganyen gaba ɗaya. Juya shi kawai za ki yi. Ke kuma mai tambaya, batun abarba daban ne. Ɗanyar abarba tana da tsami, kuma tana da wani sinadari, bromelain, mai farfasa furotin ɗin madara, shi ya sa take tsinkewa har ta ƙara ɗaci in ta jima. Tsamin ne kuma yake kashe koren launin. In kin matsu da abarba, ki cire madara ki sa ruwan kwakwa, ki sha nan take. Da madara kuwa ki nemi mangwaro nunanne ko sitiroberi.

Mai tambaya: Na gode Yaya. To sitiroberin ba shi ma da tsami ba?

Amsa ta 4: Yana da shi 'yata, amma dafa shi ake yi. Ki yanka guda 5 ko 6, ki sa sukari cokali 2 da ɗan ruwa, wuta ƙasa ƙasa har ya saki jiki ya yi danƙo, ki farfasa da cokali mai yatsu. Ki bar shi ya huce sosai, wannan kar ki yi masa gaggawa. Shi ne zaƙin naki, don sukari ba ya narkewa da kyau a abu mai sanyi, ƙasa yake tafiya kina taunarsa. Dafaffen sitiroberin za ki fara zubawa a tambulan, ki cika da ƙanƙara, sai madara mai sanyi, sai matcha a ƙarshe, a hankali a kan ƙanƙarar. Mai nauyi a ƙasa, shi ya sa launukan ba sa cakuɗewa.

Amsa ta 5: Hajiya ta gama magana, sai dai a duba garin ma. Mai kyau, irin na birnin Uji kusa da Kyoto a Japan, ana yi wa gonar rumfa wajen sati 3 kafin a tsinki ganyen, shi ke ba shi kore shar da ƙarancin ɗaci. In naki ya yi fatsi-fatsi ko ya karkata ga rawaya, ya tsufa ko iska ta shige shi. A rufe shi ruf, nesa da haske da zafi. A ganina dai mai tsadar gaske asara ne a cikin madara da sukari, matsakaici ya isa.

Amsa ta 6: A tuna matcha yana da kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, cokali 1 ya kai wajen miligiram 60. Mai juna biyu likitoci sun ce kar ta wuce 200 a rana, haɗe da shayi da kofi. Kuma kar a ba yara da daddare, don suna ganin jan nan sai sun nemi a sam musu.