Gawayin karan gero zai iya ba mu amoniya ba tare da ƙarfe ba?

Malam Sani: Jama'a, ga abin da nake kai. Hanyar Haber-Bosch, wadda masana'antu ke bi su haɗa azot (naitirojin, iskar da ta fi yawa a sararin da muke shaƙa) da hidrojen su samar da amoniya, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, tana cin zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya haura bar 150, a kan ƙarfen da ke hanzarta haɗin. A Yamai ba mu da wannan, amma muna da rana da karan gero. A gasa karan cikin argon, iskar da ba ta barin abu ya kama wuta, a digiri 800 zuwa 900 ya zama gawayi, a cusa masa sinadarin boron ko azot, a shafa a takardar karbon, a ba shi lantarki cikin ruwan da ake hura wa azot, don a samu amoniya. Ni dai nan nake hango takin gobe.

Hajiya Rakiya: Malam, da ma a ce haka ne! Raba ƙwayoyin azot biyu na cin kusan kilojul 941 a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari), wato makamashi mai yawa. A cikin ruwa kuwa lantarkin ya fi son fitar da hidrojen. Azot ɗin ma bai fi milimol 0.7 yake narkewa a lita ba, kuma zafin bazararmu na ƙara rage shi.

Lawali: Hajiya, matsalar da ta fi damuna ita ce awo. Amoniyar da ake samu 'yan maikurogiram ce, wato 'yar mitsitsiya. Numfashin mai aiki, safar hannu, fatar Nafion da ke raba ɓangarorin na'urar gwajin, iskar da ta biyo ta garke, duk suna kawo amoniya. Gawayin da aka cusa wa azot kuma yakan saki nasa, sai ruwan indofenol, da ake gwada amoniya da shi, ya yi shuɗi a zaci nasara ce. A 2019 masu bincike a Danmak suka gwada da azot-15, nau'in azot mai ɗan ƙarin nauyi da ake iya bambancewa da na iska, cikin ruwa ba su ga amoniya ba. Hanyar da ke amfani da sinadarin litiyom wajen fasa azot kaɗai ta tabbata.

Malam Sani: Ƙarafa suka gwada, ƙanena, ba boron ba. Boron na da gurbin lantarki da zai riƙe azot.

Lawali: To a tabbatar, Malam. A fara da argon zalla a maimakon azot, sannan azot ba tare da lantarki ba. Sai azot-15 da aka wanke ta ruwan asid da na alkali, domin shi ma yakan zo da datti. A na'urar NMR, mai tantance sinadarai, a nemi layi biyu, alamar amoniyar azot-15. In uku suka fito, azot-14, wato na yau da kullum, ne ya kutso.

Hajiya Rakiya: Ni da za a ji tawa, a juya gawayin nan kan nitrat, gishiri mai ɗauke da azot, na ruwan datti. Yana narkewa sosai, ya fi sauƙin fasawa, kuma amoniyarsa tana aunuwa.

Malam Sani: Na karɓi gwajin argon. Boron kuwa ban sake shi ba tukuna.