Mu da ba mu da teku, me ya kai mu volin yashi?

Laminu: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara gare ni. Wasannin Afirka na 2027 Masar aka bai wa, kuma tun na Maputo a 2011 ake sa ƙwallon raga ta kan rairayi a ciki. Me zai hana mu tsoffin ƴan voli na Yamai mu rubuta wa hukumar voli ta Nijar, a ware yara huɗu, maza biyu mata biyu, a fara shirya su tun yanzu? Mutum biyu kaɗai ne ekip. Ban ga hanyar samun lambar yabo mai araha kamar wannan ba.

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. Laminu ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan wasan mutanen bakin teku ne. Daga nan zuwa bakin teku a Kwatano kilomita ya haura 1,000. Ƙasar da ba ta da teku ba ruwanta da shi, kuma duk dalar da aka zuba a ciki asara ce. Wanda ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa.

Mushe Issa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma batun teku ka ajiye shi. A Olimpik na Paris 2024 ƙarƙashin hasumiyar Eiffel aka buga wasan, tsakiyar birni, yashi aka jibge da motoci. A London 2012 ma filin faretin sojan doki aka cika da yashi. Zakarun duniya na maza a 2023 ƴan Jamhuriyar Cek ne, su ma ba su da teku. In ka ce Turai ce, to ga Ruwanda: ta ɗauki tagulla ta maza a wasannin Afirka na Rabat a 2019, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a wasannin Commonwealth na Birmingham a 2022.

Alhaji Mamman: Ruwanda tana da tafkin Kibu da sanyin duwatsu.

Hadiza: Mu kuma muna da kogin Isa, Baba Alhaji. Ka tsaya kan gadar Kennedy da rani ka duba ƙasa. Tsibiran yashi ne fari fat har inda ido ya tsaya, yara na buga balo a kai.

Laminu: Yashi kam ai mu ne iyayen gidansa. Daga Harobanda har Bilma.

Ɗan Ader: Tsaya nan Laminu. Wanga batu nawa na, da shi nike cin abinci. Yashi iri-iri na. Na tudu, irin namu na Tawa, laushi garai ƙwarai, kana taka shi ƙura ta tashi ta cika maka hanci, ga ƙarangiya birjik. Ka faɗa kai da ƙirji sau guda, ranar ba ka sake. Na ƙorama shi magina ka so, don shina da kaifi da tsakuwa, shina kama siminti, amma gwiwar mutum fa? Sai ya saɓule ta. Na gulbi shi ya fi, ruwa ya wanke shi, sai dai in munka ɗebo sai ka iske fasassun kwalabe da ɓawon katantanwa da leda ciki. Ba a taɓa zuba shi haka nan mutum ya yi tsalle babu takalmi. Sai an tankaɗe da rariya, shebur bayan shebur.

Mushe Issa: Gaskiyarka, kuma doka ma haka ta ce: a tankaɗe shi, kada ya yi kaushi, kada kuma ya yi laushin da zai tada ƙura ya manne a jiki. Zurfinsa a manyan gasa akalla santimita 40. Fili mita 16 ne a kan 8, sai a bar akalla mita 3 ta kowane gefe. Ya zama 22 a kan 14 ke nan. Ku buga da zurfin, zai ba ku mita kibik 123.

Ɗan Ader: In kamiyo mai cin kibik 10 na, sawu 13. Ban da wanda rariya za ta zubar.

Alhaji Mamman: Kun ji araha.

Hadiza: To wa ya ce sai an gina sabo? Kowane babban birnin jiha yana da filin kokowa, da yashinsa da wurin zaman ƴan kallo da katanga. Gasar takobi, wato kokowar ƙasa, sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma jihohi 8 take zagayawa. Sauran kwanakin fa? A kafa sanduna biyu, a ɗaura raga, in an gama a cire.

Kawu Ilu: A'a ɗiyata, nan kuma kin taɓo ni. Tun 1975 da aka fara takobi a Tawa ba a taɓa raina wannan fili haka ba. Wurin da maza ke shiga da kirari da ganga, shi za ku kafa wa raga? Ƴan kokowa ma suna atisaye a ciki, ba a kulle yake ba.

Laminu: Kawu, ai mawaƙa na yin wasa a ciki, ƴan siyasa ma sun sha cika shi da taro.

Kawu Ilu: Su bisa kujera suke zama, ba su tona ƙasa. Ku kuwa rami za ku yi wa sanduna. Ka san abin da ke binne a filin kokowa? Ka tono abin da ya fi ƙarfinka, kada ka kira ni.

Ɗan Ader: Hahaha! Kawu ya faɗi gaskiya, ni ba ni cikin masu tono.

Mushe Issa: Barkwanci a gefe, abin da ya fi damuna zafi ne. Watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40 kusan kullum, yashi kuma ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Ba mai taka shi da tsakar rana. Sai bayan asuba, ko bayan la'asar sakaliya a yayyafa ruwa. Amma iskar hunturu riba ce gare mu. Wasan nan rabinsa sanin iska ne, shi ya sa ake musayar gefe duk bayan maki 7, don kada iska da rana su zalunci ɓangare ɗaya. Yaron da ya koyi sarrafa balo cikin iskar Janairu ta Yamai, iskar teku ba za ta ruɗa shi ba.

Alhaji Mamman: To tunda kun ƙi ji ta nan, bari in fito fili. Na ga wasan a talabijin. Na ga kayan da matan ke sawa. Laminu ya ce mata biyu. Ɗiyar wa? Taka ko tawa?

Hadiza: Na san nan za a zo, Baba Alhaji, gara da ka faɗa. Tun 2012 hukumar voli ta duniya ta sassauta dokar sutura, ba dole ba ne a sa waɗancan ƙananan kayan. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga Olimpik na Rio a 2016 da hijabi, riga mai dogon hannu da wando har idon sawu. Ta koma Paris a 2024 da irin shigar. Kuma matan Masar ɗin ne suka ci zinare a Rabat a 2019. Ba su ci don an tausaya musu ba, doke kowa suka yi.

Alhaji Mamman: Ita ta rufe jikinta, na yarda. Waɗanda za ta kara da su fa? Da ƴan kallo?

Hadiza: Wannan haka yake a gudu da iyo da duk wasan da aka fita waje. Mutum shigarsa ce tasa. Ni abin da nake gani a makarantar da nake koyarwa daban ne. Yarinya tana aji uku na koleji, doguwa, hannu kamar an yi shi don raga, tana zuwa atisaye da wandon yayanta ƙarƙashin zane, ta tuɓe zanen ta rataye a reshen dogon yaro. Da ta ci burebe shi ke nan, uwa ta ce ta girma, fili a buɗe yake, samari na tsayawa bakin hanya. A haɗa ƴan mata 12 da iyayensu suka yarda, a riƙe su shekara uku, wannan ni ya gagare ni. Amma biyu? Biyu zan iya. Zan iya zuwa gida biyu in zauna da uwa in zauna da uba. Shi ya sa maganar filin kokowa ta shiga raina, Kawu, don katangar.

Kawu Ilu: In don katanga ce, makarantu da yawa na da ita.

Hadiza: Ba su da sawu 13 na yashi.

Alhaji Mamman: Mu koma kan kuɗi, don nan ne ba ku da amsa. Lambobin Olimpik biyu ƙasar nan take da su. Issaka Dabore, dambe, tagulla a Munich 1972. Abdoul Razak Alfaga, taekwondo, azurfa a Rio 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Duka wasan faɗa ne. Nan Allah ya ba mu, nan ya kamata ɗan abin da ke akwai ya tafi. Kun manta London 2012? An kai Hamadou Djibo Issaka tseren kwale-kwale bayan ƴan watanni da fara koyo, ya zo na ƙarshe, Turawa na ta tafi. Ni ban son tafin tausayi.

Laminu: Alhaji, bawan Allahn nan ya yi ƙoƙari, bai kamata a sa shi misalin abin kunya ba.

Alhaji Mamman: Ban zage shi ba. Namiji ne, ya kai ƙarshen tseren. Cewa na yi wata uku ba ta yin ɗan wasa.

Mushe Issa: Nan muna tare. Amma voli ba baƙo ba ne a wurinmu kamar kwale-kwalen tsere, kowace lise akwai masu buga shi. Kuma dubi Gambiya. Mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, ba ta fi mu kuɗi ba, amma ita ta ci zinaren maza a Rabat. Biyun da suka ciwo wa Katar tagulla a Olimpik na Tokyo, Cherif Younousse da Ahmed Tijan, ɗaya haifaffen Senegal ne ɗaya na Gambiya. Jikin yankinmu ne.

Alhaji Mamman: Mushe, ka ba ni makami da hannunka. Jikin namu ne, kuɗin na Katar. Da suna gida da wa ya ji sunansu a Tokyo?

Mushe Issa: Ban musa ba, kuma nan ne nake rabuwa da Laminu. Araha da yake faɗa a tikitin jirgi na ranar gasa kawai take. Ɗan voli na cikin ɗaki ba ya zama ɗan yashi don ya tuɓe takalmi. Can mutum 6 ne, kowa da aikinsa, in ka gaji a canza ka. Nan ba canji. Kai ne mai karɓa, kai ne mai ɗagawa, kai ne mai dukan. Tare balo a bakin raga ana ƙirga shi cikin taɓawa uku da aka yarda wa ekip kafin balo ya tsallaka, saura biyu ke nan. Ba a yarda ka ɗan tura balo da yatsu a buɗe ba. Seti maki 21 ne, na uku 15, wasa gajere, in ka yi sake da maki huɗu ya tafi. Mai tsaye gaba yana yi wa na baya alama da yatsu ta bayan ƙugu, ɗaya zan tare layi, biyu zan tare kwana, kuma sai mutum biyu sun shekara suna wasa tare kafin alamar ta zama jiki. Duk wannan ba a koyonsa sai da abokan karawa da suka fi ka. Yara huɗu su kaɗai a Yamai, da wa za su buga? Da junansu har su haddace juna. Dole a riƙa kai su wurin ƴan shiyyarmu, Najeriya, Gana, Benin, Togo, a doke su su dawo, a sake kai su. Wannan zirga-zirgar ita ce kuɗin, ba yashi ba.

Laminu: Wato kai ma ka koma bayan Alhaji.

Mushe Issa: A'a. Alhaji ya ce wasan ba namu ba ne, ni na ce namu ne in mun so. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fara da takarda da maganar Masar. A fara da gasa a nan. Ekip goma na mutum biyu-biyu daga lise-lise, duk Lahadi, daga Nuwamba zuwa Fabarairu. In ta rayu sanyi biyu, sai mu rubuta takarda muna da abin nunawa. Mali da Burkina ma ba su da teku, kuma an yi wasannin AES, ƙawancenmu da su na ƙasashen Sahel, a Bamako a 2025. Ga abokan karawa kusa.

Laminu: Sanyi biyu kuma? Ai 2027 ta wuce mu ke nan.

Hadiza: Ta wuce ɗin. Yarinyar da nake faɗa shekararta 15.

Ɗan Ader: Ni dai sawu guda na gulbi kyauta, gazuwal bisa kanku. Tankaɗe kuma ba ni ciki, bayana ya gama aiki.

Laminu: Sawu ɗaya cikin 13.

Mushe Issa: Na gwaji ba sai ya kai santimita 40 ba. In an zuba kan wurin da dama rairayi ne, kaɗan ya isa. Tankaɗe ni da ɗalibaina.

Alhaji Mamman: Raga ɗaya da balo biyu suna kaina, saboda Hadiza, da sharaɗin fili mai katanga kuma in ji daga bakin uban kowace yarinya. Amma kada kowa ya sa sunana a takardar neman kuɗin gwamnati. Wannan kuɗin na ƴan taekwondo ne da ƴan kokowa, ban canza ba.

Kawu Ilu: Kuma a nemi wata katangar, ba tamu ba.