Dan Allah ku ba ni shawara, ya zan fitar da wanda ya ci zanen nan?

MaiBurushi:
Assalamu alaikum jama'a. Ni mai zane ne a nan Kano, akwai wani zane da na yi na marinar Kofar Mata da fentin akirilik a kan kanbas, ga rijiyoyin rini ga shuɗin yadi a shanye, sai na ɗora shi a shafina na Facebook da Instagram na ce zan bayar kyauta, sharaɗin kawai mutum ya raɗa wa zanen suna a kwament, sunan da ya fi burge ni mai shi ya ci. To yanzu wa'adi ya cika kwament ɗaruruwa, kuma wlh sunan da ya fi kwanta min a rai ƙanwar matata ce ta rubuta. In na ba ta kun dai san halin mutanenmu, cewa za a yi dama ɗauki ɗora ne an raba a cikin gida, in na hana ta kuma ai ita ma shiga ta yi kamar kowa. Wani abokina ya ce in bar maganar suna in yi ƙuri'a kawai, wani kuma ya ce ƙuri'a ai caca ce. Kaina ya kulle gsky.

BaZazzage:
Maigida yi ƙuri'arka ka huta. Ka ba kowane kwament lamba, ka rubuta a ƴan takardu ka nannaɗe ka zuba a ƙwarya, ka kunna bidiyo kai tsaye ka kira ƙaramin yaro wanda bai iya karatu ba ya zaro ɗaya, shikenan. In ka ga aikin da yawa akwai shafin intanet na random.org, ka sa lambar farko da ta ƙarshe ya fitar maka. Amma fa ka fara tace masu akawun biyu uku, za ka gane su, ba hoto ba fosti ko ɗaya kuma jiya-jiya aka buɗe.

AbuAmmar:
Wa alaikumus salam. Wanda ya ce maka caca ce bai duba da kyau ba, caca sai kowa ya zuba nasa sannan wani ya kwashe na saura, a nan kuwa ba wanda ya biya ko sisi, kyauta ce daga gare ka. Ita ƙuri'a tana da asali, Nana Aisha (RA) ta ruwaito cewa idan Manzon Allah (SAW) zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, yana cikin Bukhari da Muslim, ga kuma Ali Imran aya ta 44 inda aka jefa alƙaluma kan wa zai riƙi Nana Maryam. Sai dai ɗan uwa ita ana yin ta ne idan haƙƙi ya zo daidai ba a san wa za a fifita ba. Kai kuwa da bakinka ka ce suna mafi kyau, mutane suka zauna suka matsa ƙwaƙwalwa, yanzu ka haɗa su a ƙwarya ɗaya da wanda ya rubuta "Allah ya sa ni ce" kawai? Wannan saɓa alkawari ne. Ka tsaya kan sharaɗinka.

BaZazzage:
Akaramakallahu na ji, amma surutun fa? shi ne zai sha zagi ba mu ba

ƳarDamagaram:
Yaya ni a ganina matsalar ita ce kai ne alƙali kuma ka riga ka ga sunayen masu rubutu. Ka zaɓi kamar guda goma da suka fi, har da na ƙanwar madam, ka kwafe su a takarda ba tare da sunan kowa ba, ka tafi Kofar Matar ka samu dattawan marina ka nuna musu zanen su zaɓa, ka ɗauka a bidiyo. Su ne suka san baban rini da toka da yadda ake tsoma yadi a ciro shi kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi, wa ya fi su cancantar faɗin sunan da ya dace? Ka dai sanar tun kafin ranar, ka faɗi dalili ƙarara cewa ƴar gida ta shiga shi ya sa ka janye hannunka. Sannan mu na Nijar muna ciki ko? In ya faɗo wajenmu a cire shi daga katako a naɗe fentin yana ta waje kar ya tsattsage, a zura a fayif ɗin roba a ba direban Damagaram, kar a linke dan Allah.

MaiBurushi:
Ngd sosai, ta marinan nan ta shige ni. Kuna ciki mana, amma kuɗin mota daga Kano zuwa iyaka ne nawa, daga nan wanda ya ci ya ji da sauran. Yanzu saura in san yadda zan faɗa wa madam.