Neman kalmar Hausa: wane suna ya dace da "dark energy"?

Malamai da ma'abota harshe, ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai. Ina rubuta bayani ne kan madubin hangen nesa na Roman, wanda hukumar NASA ta haɗa a cibiyarta ta Goddard da ke jihar Maryland a Amurka, sai na iso kan babban aikin da aka ƙera shi dominsa, wato binciken abin da Turawa ke kira dark energy. Nan alƙalami ya cije.

Bari mu fara sanin abin kafin a raɗa masa suna. Ɗauki dutse ka wurga sama. Yana tafiya yana rage gudu, don ƙasa tana janyo shi. Haka masana suka zaci sararin samaniya yake yi. Tun 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari suna ta nisantar juna, aka ɗauka nauyinsu zai riƙa taka wa wannan buɗewa birki. A 1998 ayari biyu na masana suka auna hasken wasu taurari da suka tarwatse can nesa, sai suka tarar gudun ƙaruwa yake yi. Kamar dutsen nan ne ya bar hannunka ya yi ta ƙara wuta. Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess sun karɓi kyautar Nobel a 2011 a kan wannan. To abin da ke yin turin nan shi muke nema wa suna, kuma ba ƙarami ba ne: lissafi ya ba shi kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke cikin sararin samaniya. Mu da taurari da duk abin da ido ke gani ba mu wuce kashi 5 ba.

Na ga ana rubuta "baƙin makamashi". Wannan kam ban yarda da shi ba ko kaɗan. Makamashi abin da wuta ke ci ne, shi kuwa wannan ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa. Sannan baƙi a bakin Bahaushe ko dai launi ne ko mugun abu: baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya. Abin nan ba shi da launi, haske yana ratsa shi ya wuce, kuma bai ƙulli kowa da sharri ba.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Wani dattijo ya tuna mini cewa muna cewa "abin ya shige mini duhu" idan ba mu gane ba, don haka duhu, wato fassarar kalmar dark, bai yi nisa da manufar ba. Ranka ya daɗe, gaskiyarka, ma'anar da masanan suke nufi ke nan daidai. Sai dai na gwada faɗin "ƙarfin duhu" da baki sau uku, duk ukun tunanina tsafi ya nufa. Mai sauraron rediyo ba zai samu damar tsayar da mai labarai ya tambaye shi ba.

Wata malama ta kawo "ƙarfin gaibu". Yana da daɗin faɗi, amma gaibu kalma ce mai nauyi, sanin gaibu sai Allah. Wannan kuwa abu ne da ake aunawa, har an ƙera na'ura don a ƙara auna shi.

Ni inda zuciyata ta kwanta shi ne "ɓoyayyen ƙarfi". Abin da aka ɓoye yana nan, ana ganin sawunsa, ana sa ran gano shi wata rana. A farkon rubutu a ce "ɓoyayyen ƙarfin da ke buɗa sararin samaniya", daga nan a taƙaita. Kuma yana buɗe mana ƙofar ɗan'uwansa, dark matter, mai kusan kashi 27, wanda ba a san shi ba sai ta yadda yake janyo taurari: sai mu ce "ɓoyayyen nauyi". Ɗaya na ja, ɗaya na turi, yaro ma zai riƙe.

Abin da ya sa na matsa a tsayar da magana yanzu shi ne madubin nan. Faɗin gilashinsa mita 2.4 ne, daidai da na madubin hangen nesa na Hubble, amma hoto ɗaya da zai ɗauka zai rufe fili aƙalla ninki 100 na wanda Hubble ke ɗauka, daga mazauninsa mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. A 2020 aka sa masa sunan Nancy Grace Roman, shugabar sashen ilimin taurari ta farko a NASA. Ga kuma madubin Euclid na Turai, wanda aka harba a 2023, a kan aiki iri ɗaya. Labarai za su yi ta zuwa, kuma kalmar da ta riga shiga kunne da wuya a cire ta.

Ɗaya aikin na madubin Roman bai ba ni wahala ba. Exoplanets na rubuta "duniyoyin wasu taurari", na wuce. Amma akwai na'urar da ke cikinsa mai toshe hasken tauraro don a hango duniyar da ke gefensa, kamar yadda kake kare fitilar mota da tafin hannu don ka ga wanda ke tsaye kusa da ita. Na sa mata "makarin tauraro" na wucin gadi. Wanda yake da wadda ta fi ta, ya ajiye mini a ƙasa.