Ƙwan cakulet mai gyaɗa na bikin Ista

Abin da na tsinta a hirarmu kan alewar nan mai siffar ƙwai da ake yi a Amurka lokacin Ista, irin wadda ake sayarwa da sunan Reese's. Kowa dai ya yarda a kwaɓa tunkuza kofi 1 da bota kaɗan da garin sukari mai laushi kamar kofi 2, sai ɗan gishiri, in tunkuzar ta cika mai a ƙara sukari har ta daina manne wa hannu. A mulmula, a sa a firiza minti 30 kafin a tsoma a cikin narkakken cakulet, in ba haka ba narkewa zai yi.

Cakulet ɗin kuma a narka shi a kan tururi, wallahi ko ɗigon ruwa ya shiga sai ya dunƙule. Ni shawarar zuba cokalin man kwakwa ta fi burge ni, yana sa shi sulɓi.