Kafin ki kai zoben lu'u-lu'unki gyara

Abin da aka fi nanatawa a hirar da muka yi kan yadda za ki guje wa a canza miki dutsen zobe a wurin gyara shi ne, ki san dutsenki tun kafin ya bar hannunki. Yawancin maƙera masu amana ne, amma in aka canza miki da moissanite ko zirkoniya, wato duwatsu masu kama da lu'u-lu'u, ido kawai ba zai gane ba wallahi.

Idan dutsen na da satifiket, misali na GIA, wato cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, sau da yawa akwai lamba da aka rubuta da lesa a gefen ƙugunsa, wato inda dutsen ya fi faɗi, sai da gilashi mai ƙara girma sau 10 ko fiye ake ganinta, to ki sa maƙerin ya nuna miki ita a gabanki, a rubuta a rasit, ranar karɓa ma a sake dubawa kafin ki fita daga shagon. In babu lamba, ƙananan tabon da ke cikin dutsen su ne shaidarsa, a zana su, ki kuma ɗau hoto kusa-kusa.

Wasu sun ce a gwada da na'ura, amma ni ban yarda a tsaya nan ba, don mai gwajin zafi kaɗai moissanite na iya ruɗinta, kuma lu'u-lu'un da aka haɗa a ɗakin gwaji zai wuce lafiya lau.

Rasit kuma kada a rubuta “zobe” kawai, a sa nauyi da faɗin dutsen. Sannan ki tambaya ko a nan za a yi aikin ko wani wuri za a tura.