Bluff da Hausa: ni dai na tsaya a kan "burga"

1/ Jama'ar Katsina da Daura, malaman harshe da tsofaffin 'yan karta, kalma nake nema. A wasan katin Amurkawa da ake kira poka akwai abin da suke ce wa bluff. Yaranmu da ke koyon wasan a waya suna ta maimaita ta yadda suka ji ta, masu fassara labaran siyasa kuma kowa da tasa. Ni burga na zaɓa. Mai ja ya ja.

2/ Kafin wani ya taso mini: in an sa kuɗi, caca ce, hukuncinta kuwa yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Ba gayyata nake yi ba. Giya ma ai tana da suna a Hausa.

3/ Sai an san wasan za a gane kalmar. Kati 52 ne, iri 4, kowane iri 13. A salon da ya fi yaɗuwa, Texas Hold'em, ana ba kowa kati 2 a rufe, sannan a baje 5 a tsakiya na kowa da kowa: 3 a tashin farko, sai 1, sai na ƙarshe. Cikin 7 ɗin nan kowa zai haɗa 5 mafi ƙarfi. Biyu masu lamba ɗaya sun fi warwara, uku sun fi biyu, jerin lambobi 5 ya fi uku, 5 'yan iri ɗaya sun fi jeri, haka dai har sama. Tsakanin rabo da rabo ana zubi. In layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka fita. In ba wanda ya zuba tukuna, kana iya cewa a wuce.

Hanyar ci biyu ce. Ko a buɗe kati naka ya fi, ko kowa ya fita ya bar ka, ka kwashe ba tare da an ga abin da ke hannunka ba. A wannan ƙofa ta biyu bluff take: hannunka ba komai, ka zuba kamar mai riƙe da duniya, don wanda ya fi ka ya tsorata ya ajiye.

4/ An ba ni shawarar kalmar ƙarya. A'a. Ƙarya da baki ake yin ta, nan kuwa mutum na iya gama wasa bai ce uffan ba. Yaudara ta fi muni, domin tana ɗauke da cin amana, alhali duk wanda ya zauna ya san ƙa'ida ta yarda da abin. Mai ɓoye kati a hannun riga shi ne mayaudari, a bar masa sunansa.

Kuri na 'yan dambe ne, da murya da buga ƙirji, kuma sau da yawa mai kurin yana da ƙarfin da yake faɗa. Barazana ma haka, mai bindiga da harsashi a ciki yana yin ta.

Bagu ce kaɗai ta sa na yi jinkiri. Tana da nuna abin da ba kai ba ne, sai dai ba ta da tsoratarwar, ita ce kuwa zuciyar abin.

5/ Burga ta haɗa duka: nuna ƙarfi, ƙarfin babu shi, manufa kuma a sa wani ya ja da baya. In Bakatsine ya ce "rabu da shi, burga ce", ya gama fassara. Wanda ya taɓa ciniki a kara ta Mai'aduwa ya san mai sayen da ke kaɗe riga ya juya kamar ya tafi, alhali ransa na kan san. In dillali ya kira shi, burga ta ci. In ya ƙyale shi, sai ya dawo da ƙafarsa.

6/ Inda sabon shiga ke faɗuwa shi ne ɗaukar burga a matsayin jarumta. Lissafi ce. A ce akwai 100 a tsakiya, ka zuba 50 da hannu fanko. Ka sa 50 a haɗari don cin 100, ke nan sai abokin wasa yana ajiyewa fiye da sau 1 cikin 3 kafin abin ya biya. Shi kuma zai biya 50 ne don cin 150, saboda haka in ya kama ka fiye da sau 1 cikin 4 ya ci riba. Shi ya sa burga ga mutum huɗu a lokaci guda wauta ce, burga ga wanda ba ya taɓa ajiye kati kuwa sadaka ce. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna tun 1944 cewa wasa mai kyau ba ya yiwuwa sai da 'yar burga, don in ba ka zuba sai da hannu mai ƙarfi, kowa zai gane ka ya gudu.

7/ Abin da ya ƙara ɗaure ni: burga tana da kishiya a shirye. Idan mutum ya ƙi tsorata, ya biya don a buɗe kati, Turawa "kira" suke cewa. Kiran burga ba Hausa ba ne. Mu ƙurewa muke yi, yadda ake ƙure maƙaryaci.

Mu gwada. A gasar duniya ta Las Vegas, wadda aka fara a 1970, wani akanta mai suna Chris Moneymaker ya kai zagayen ƙarshe a 2003 da gogaggen ɗan wasa Sam Farha. A wani rabo hannunsa bai haɗa komai ba sai katin sarki, ya tura duk abin da ke gabansa. Farha na da biyu masu lamba tara, ya fi shi, ya daɗe yana tunani, ya ajiye. Daga baya Moneymaker ya ɗauki gasar da dala miliyan 2.5. Da Hausa: ya yi burga, Farha bai ƙure shi ba. Ina wurin da jimlar ta yi tuntuɓe?

8/ Wani malaminmu na Daura ya ce "burge" ta riga ta koma sha'awa, yaro zai ji "ya burge ni" ya ɗauka yabo ne. Gaskiyarka, Malam. To mu bar aikatau, mu riƙe suna: a yi burga, ba a burge ba.

Akwai kuma mai zubi da 4 'yan iri ɗaya bayan rabon ukun farko. Bai haɗa ba, amma saura kati 9 da za su cika masa, damarsa wajen kashi 35 cikin 100. Wannan na sa mata burga mai madogara.

9/ Wadda ta gagare ni ita ce fuskar ɗan poka, wadda ba a karanta komai a kanta. An ce shan mur, an ce ɗaure fuska. Duka biyun fushi suke nunawa, fushi kuwa labari ne ga abokin wasa. Mai kalma ya kawo.